Daga ina kalmar "ergerlig" ta fito a harshen Norway?

Ɗan'uwa, ka ce wata biyar ke nan kana koyon harshen Norway, kuma ran nan a tashar bas wata dattijuwa ta iso tana haki daidai lokacin da mota ta rufe ƙofa ta ja, sai ka ji ta ce "Så ergerlig!" Ka duba ƙamus ka ga ma'anarta abin ban haushi. Kana son sanin asalin kalmar, da kuma ko tana da dangantaka da arg, wadda malamarku ta ce tana nufin mai fushi.

Kunnenka bai yaudare ka ba, jini ɗaya ne. Sai dai zumuncin nasu irin na 'yan'uwan da suka tashi a garuruwa daban-daban ne. Arg a gida ta tashi, tun kafin zamanin Vikin tana bakin kakannin mutanen Norway. Ergerlig kuwa a ƙasar Jamus aka haife ta, can ta girma ta sami ma'anar da take ɗauke da ita, sannan ta shigo Norway a matsayin baƙuwa ta tarar da 'yar'uwarta.

Bari mu fara kwance ta. Gaɓar ƙarshe, wato -lig, ɗafa-ƙeya ce da za ka yi ta cin karo da ita: vennlig mai fara'a, farlig mai haɗari, daglig na kullum. A tsohon harshen Nos, wato harshen da ake yi a Norway da Iceland shekara dubu da suka wuce, -ligr take, kuma ta samo asali ne daga kalmar lík, ma'ana jiki ko siffa. Har yau lik a harshen Norway gawa ce. Ke nan idan aka liƙa -lig a bayan kalma, kamar an ce "mai siffar kaza" ne. Jamusawa suna da takwararta, -lich. Idan ka cire wannan gaɓa, abin da ya rage shi ne aikatau ergre, wato ba wa mutum haushi. Jeg ergrer meg, ina jin haushi. Wannan aikatau da sifarsa duka aro ne daga Jamusanci, inda ake cewa ärgern da ärgerlich.

To a nan ne maganar take da daɗi, don a Jamusanci kana iya ganin yadda aka gina kalmar hawa-hawa. Suna da sifa arg, ma'ana mugu ko mara kyau. Idan za su ce wani abu ya fi wani muni, sai su ce ärger. Daga wannan sigar fifiko aka ƙera aikatau, wanda a tsohon Jamusanci yake nufin ƙara wa abu muni, lalata shi, mai da shi baya. Harshen Holand ya fi kowanne nuna wannan a fili har gobe: erg mara kyau, erger mafi muni, ergeren ba da haushi. Wannan harafin r na biyu da kake ji a tsakiyar ergerlig, ragowar sigar fifikon ce. Ita arg ba ta da shi, ergerlig kuwa da shi ta iso Norway, ƙerarriya.

Canjin wasali daga a zuwa e kuma tsohuwar ɗabi'a ce ta harsunan wannan dangi. A da akwai wasalin i a gaɓar da ke biye, sai ya ja a ɗin zuwa gaban baki, daga baya shi i ɗin ya ɓace ya bar tabonsa. Ka riga ka haddace misalansa ba tare da ka sani ba: mann da menn, lang da lengre.

Yaya "ƙara muni" ta koma "ba da haushi"? Bahaushe bai kamata ya sha wahalar gane wannan ba, domin mu ma hanyar da muka bi ke nan. Ana ɓata miya, ana ɓata tufafi, ana ɓata yaro, ana kuma ɓata wa mutum rai. Aikatau ɗaya ne, abin da ake ɓatawar ne ya tashi daga waje ya koma cikin ƙirji. Haka ärgern ta yi. Da farko kaya ake lalatawa, sai aka koma lalata hali da imani, wato jefa mutum cikin saɓo. Da malamin Kiristan nan Bajamushe Martin Luther ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci a 1522, wannan aikatau ya sa a wurin da aka ce idan idonka na dama yana sa ka tuntuɓe, ka ƙwaƙule shi. Bajamushen yau idan ya karanta wannan tsohuwar fassara zai ɗauka ido ne ke ba mutum haushi, alhali abin nufi ido ne ke ɓata shi. Daga ɓata hali aka gangaro zuwa ɓata rai, kuma wannan ma'ana ta ƙarshe ita ta rayu. Harshen Norway ya adana matakin tsakiyar a wata kalma daban, forarge, da sunanta forargelse, wadda ake amfani da ita ga abin da ya girgiza jama'a saboda ya saɓa wa tarbiyya.

Yanzu mu koma ga uwar gayyar, arg, don ita ce ta fi ba ni mamaki tun ranar da na fara karanta tsofaffin dokokin mutanen Arewacin Turai. A tsohon harshen Nos argr ake cewa, akwai kuma wata siga da baƙaƙen suka yi musayar wuri, ragr, sunan halin kuma ergi. Ba fushi take nufi ba a lokacin. Zagi ne, kuma babu wanda ya kai shi muni a wurinsu. Idan aka ce namiji argr ne, ana nufin matsoraci ne, ba shi da mazantaka, kuma a ƙarƙashin wannan akwai zargin cewa ya yarda wani namiji ya kusance shi kamar yadda ake kusantar mace. Idan mace aka jefa da kalmar, lalata ake nufi. Akwai kuma ɓangaren tsafi: wani nau'in bokanci da suke kira seiðr ana ɗaukarsa aikin mata, har marubucin Iceland Snorri Sturluson, wanda ya rasu a 1241, ya rubuta cewa ergi ɗin da ke tattare da shi ya yi yawan da maza ke jin kunyar yin sa, sai aka bar wa mata.

Dokar Iceland ta da, wadda ake kira Grágás, kuma ta iso gare mu a rubuce-rubucen ƙarni na 13, ta ware kalmomi uku da idan mutum ya jefi wani da su, hukuncinsa kora ce daga cikin jama'a gaba ɗaya, ba mai ba shi abinci, ba mai ba shi masauki. Ragr na cikin ukun. Wanda aka zaga kuma doka ta ba shi damar kashe mai zagin. A Norway kanta, dokar Gulating ta yammacin ƙasar ta lissafa zage-zage irin wannan da ake biyan cikakkiyar diyya a kansu, kamar a ce namiji ya haihu, ko a kwatanta shi da goɗiya ko karya. A Björketorp da ke kudancin Sweden akwai wani dutse mai tsayin sama da mita 4, an sassaƙa masa rubutu wajen ƙarni na 7, yana tsine wa duk wanda ya rushe wurin, kuma ergi na cikin abin da aka roƙa ya same shi.

Labarin da ya fi zama mini a rai daga Italiya yake. Lombardawa ƙabila ce mai harshe ɗan'uwan Jamusanci da ta mamaye arewacin Italiya. A dokar da sarkinsu Rothari ya kafa a 643, an rubuta cewa wanda ya kira wani arga cikin fushi, sai ya rantse cewa bai san shi da wannan hali ba, ya kuma biya tsabar zinariya 12. In ya nace a kan maganarsa, sai su fito fagen fama, takobi ya raba gardama. Masanin tarihinsu, Paul wanda aka fi sani da Dikon, ya ba da labarin wani hakimin yankin Friuli mai suna Ferdulf a farkon ƙarni na 8. Mahara daga ƙabilun Silab na gabashin Turai sun kwashe dabbobi, wani jami'in Ferdulf mai suna Argait ya bi sawunsu bai cim musu ba. Da ya dawo hannu rabbana, Ferdulf ya ce masa, dama ta yaya za a yi tsammanin jarumta daga mutumin da sunansa ya fito daga arga. Argait ya haɗiye maganar, amma ba ta wuce masa ba. Bayan 'yan kwanaki rundunar Silab ta dawo ta yi sansani a kan wani tsauni mai wuyar hawa. Ferdulf yana kewaya gindin tsaunin yana neman hanya mai sauƙi, sai Argait ya tuna masa da zagin, ya ce fushin Allah ya tabbata a kan wanda ya zo ƙarshe a cikinsu wajen isa ga abokan gaba. Ya juya kan dokinsa ya nufi gangaren kai tsaye. Ferdulf ya bi shi, sojoji suka ji kunyar tsayawa suka bi su. Mutanen da ke sama suka yi ta mirgino duwatsu suna jifa da gatura. Ferdulf ya mutu, Argait ya mutu, manyan Friuli kusan duka suka ƙare a wannan rana.

Duk lokacin da na ji wani ya ce "så ergerlig" don shayinsa ya huce ko laimarsa ta karye, wannan tsauni nake tunawa. Saiwar kalmar ɗaya ce.

Na san abin da zai zo maka a rai da ka ga ragr, don ni ma ya zo mini: rago. Sauti ya yi kama, ma'ana ma ta yi kusa, tunda ragon namu shi ma ba ya iya aikin maza. Ina roƙonka kada ka ɗauki wannan da nisa. Hausa daga dangin harsunan Cadi take, harshen Nos daga dangin Jamusanci, kuma babu hanyar ciniki ko zama tare da za ta ɗauko wannan kalma daga wancan gefe zuwa wannan. A cikin dubban kalmomin kowane harshe biyu, dole a sami 'yan ƙalilan da suka yi kama bisa katari. Abin da ke tabbatar da zumunci shi ne sauye-sauyen sauti masu bin ƙa'ida a kalmomi da yawa, kamar yadda muka gani a arg da erg, mann da menn. Amma idan rago zai taimaka maka ka riƙe ma'anar ragr a ka, yi amfani da shi.

Dangin gaskiya na kalmar suna nan warwatse. Masana sun sake gina tsohuwar sigarta a matsayin argaz. Mutanen Finland, waɗanda harshensu daga wani dangi daban yake, sun are ta tun da daɗewa, har yau arka a wurinsu mai tsoro ne ko mai jin kunya, ko wurin da ke ciwo in an taɓa. A tsohon Ingilishi earg matsoraci ne, kuma daga nan yawancin masana suke ganin eerie ta fito ta hanyar karin harshen Sikotland, da farko tana nufin mai jin tsoro, daga baya ta koma abin da ke ba da tsoro. A tsohon Jamusanci har marowaci ana ce masa arg. Game da abin da ke bayan argaz kuwa, ra'ayin masana ya rabu: wasu suna kai ta ga wata saiwa mai ma'anar rawar jiki, irin ta mai tsoro, wasu ga wata saiwa da ta shafi barbara.

Zafin kalmar ya ragu ne bayan da duniyar da ta ba ta zafin ta shuɗe. Kiristanci ya kafu, sarauta ta ƙwace hukunci daga hannun dangi, ramuwar gayya da takobi ta zama laifi. Sai arg ta faɗaɗa ta zama mugu kawai, daga mugu ta zama mai zafin rai. A Sweden yau arg ita ce kalmar yau da kullum ta mai fushi. A Norway sint ta fi ta yawo a baki, ita arg an fi jin ta a maganganu irin su arge konkurrenter, wato abokan hamayyar da ba sa ga maciji. Duba yadda ta juye: kalmar da a da take nufin wanda ba zai iya faɗa ba, yau tana nufin wanda ke neman faɗa.

Saura yadda baƙuwar ta shigo. Ƙofa biyu ce a buɗe tsakanin Jamusanci da Norway, kuma aikatau ɗin yana nan a bakin kowace. Ta farko ita ce ta fatake. A 1349 annoba ta shigo ta tashar jiragen ruwan Bergen ta kashe kaso mai yawa na mutanen ƙasar, har da malaman coci da marubuta, tsohon harshen rubutu ya yi rauni. Wajen 1360 'yan ƙungiyar fatake ta Hansa daga arewacin Jamus, musamman birnin Lübeck, suka kafa ofishinsu a Bryggen da ke Bergen, kuma bai rufe ba sai 1754. Suna kawo hatsi da giya da yadi, suna kwasar busasshen kifi daga arewacin Norway, irin kifin nan mai tauri kamar itace da har yau ake kawowa kasuwannin Najeriya, wanda 'yan ƙabilar Ibo ke kira okporoko. Idan ka sami dama ka je Bryggen. Gidajen katako ne a jere, lunguna matsattsu, katakon ya yi baƙi, ɗakunan kwanan yaran shago kamar akwatuna. Ba a yarda a hura wuta a cikinsu ba saboda tsoron gobara, sai a wasu zaurukan taro da ke baya. Mutanen da suka zauna a nan Jamusancin arewa suke yi, wanda a cikinsa ake cewa ergeren, kuma ya yi kusa da harshen 'yan gari har ana iya ciniki kowa na yin nasa. Ta wannan hanya betale biya, arbeid aiki, snakke magana, skomaker baduku da ɗaruruwan irinsu suka zauna daram.

Ƙofa ta biyu ta littafi ce. Norway ta shiga ƙarƙashin sarki ɗaya da Denmark tun 1380, ba su rabu ba sai 1814. A tsawon wannan lokaci harshen Denmark ya zama harshen ofis da coci da makaranta, shi kuma yana shan kalmomi daga Jamusanci ba ƙaƙƙautawa, musamman bayan sauyin addini na 1536, da aka bar ɗarikar Katolika aka bi koyarwar Luther, da fassarar Baibul ta 1550 da ta bi sawun ta Luther. A Denmark har yau ærgerlig ake rubutawa, kuma haka 'yan Norway suka rubuta ta har zuwa gyare-gyaren rubutu na farkon ƙarni na 20, lokacin da æ ta koma e a kalmomi da yawa, stærk ta zama sterk, ærgerlig ta zama ergerlig. Rubutu ne kawai ya canza. A baki wasalin farko yana nan a buɗe, tsakanin a da e, kuma g ɗin ƙarshe ba a furta shi. A Nynorsk, ɗaya daga hanyoyi biyu na rubuta harshen Norway, wadda aka gina kan aikin masanin harshe Ivar Aasen na tattara karin harsunan karkara, za ka ga ergeleg.

Tunda amfani da ita za ka yi, ga abin da ƙamus ba ya bayyanawa sosai. Ergerlig tana da fuska biyu. Det var ergerlig, abin ya ba da haushi. Hun ble ergerlig, ta ji haushi. Kuma haushin nata akwai takaici a ciki, irin na abin da saura ƙiris ya yiwu: ƙwallon da aka zura muku a minti na ƙarshe, jarrabawar da ka faɗi da maki ɗaya, motar da ta tashi kana ganin ta. Shi ya sa dattijuwar ta zaɓe ta. Idan kuwa maƙwabci ne ke buga kiɗa da tsakar dare, ko sauro na kuka a kunnenka, irriterende za ka ji an ce, daga Latin irritare, tsokana ko zuga. Wanda ya ishe ka da naci plagsom ne, daga plage, ita ma asalinta Latin plaga, duka ko rauni, kalmar da aka yi amfani da ita ga annobobin da suka sauka a Masar zamanin Fir'auna. Brysom ta abin da ke jawo ɗawainiya ce.

Matasan ajinku kuma ba lallai su ce ergerlig ba, don ta ɗan yi musu kama da maganar iyaye. Da yarinya 'yar shekara 17 ce motar ta tafi ta bari, "så kjipt" za ka ji. Ana kyautata zaton kjip aro ce daga Ingilishi cheap, mai araha, aka rubuta ta yadda kunnen ɗan Norway ya ji ta, ma'anarta ta gangara daga mai araha zuwa mara inganci zuwa abin takaici. Ita ma cheap ɗin daga tsohuwar kalmar ciniki take, 'yar'uwar kjøpe, wato saye, wadda kake faɗa kullum a kanti, kuma ita ce gaɓar farko a sunan København, tashar 'yan kasuwa. Idan da malamarka ko mai gidan da kake haya kake magana, ergerlig ta fi dacewa. Kjipt ka bar ta sai kuna hira da abokai.